Ranar da Anka Tambayi Wace ce Uwar Ɗan Hajiya

Da sunan Allah nike farawa, shi ya ba ni numfashin da zan yi wagga magana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu. Malama Sumayya, kin ce kowace mace a ajinmu na Islamiyya ta kawo tarihin wani nata a rubuta. To ni na yaron nan zan bayar, mai karatun injiniya. Sunan kin san shi. Inda wani ya kira shi a cikin labarin, in kinka ji na yi shiru, ke ki sa da hannunki, don ni bakina bai taɓa faɗinsa ba. Mu Ɗan Hajiya muke ce mishi.

Ni Hauwa ce, Kulu ake kirana. Ɗiyar Kucheri ce ni, can ƙasar Tsafe ta Katsinawa, aure ya kawo ni nan Nahuce ta Bunguɗu. Da cikin fari ya tsufa sai anka maida ni gida, kamar yadda ake yi wa kowa, can anka haife shi a ɗakin innata, lokacin ana yankan gero. Tun ban tashi daga wurin ba innata ta ja mini kunne. Ta ce ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi mishi wasa gaban mutane, ba a cewa nawa ne. In zan ba shi nono sai in juya wa ƙofa baya. Ita ma haka ta yi da babban yayanmu, har ta koma ga Allah ban ji ta ambace shi ba, alhali in shina ciwo ita ce ba ta iya cin abinci. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, kuma da ita ake gane ɗiyar da ta samu tarbiyya.

Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, shina da yaya mace, Hajiya Asiya, tana aure a Gusau gidan Alhaji Lukuman, mai manyan motocin da ke kai hatsi kudu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da lokacin yaye ya yi ita ta zo ta ɗauki yaron, da sunan in ya manta nono a maido shi. Da ta zo maidowa ta tsaya bakin zaure tana riƙe da shi ta kasa saki. Malam ya dube ta ya ce ta koma da abinta, ya ba ta. Ni ina daga ɗaki ina tankaɗe, ba a tambaye ni ba, kuma da an tambaye ni ma cewa zan yi a ba ta. Da za a sa shi makarantar boko Alhaji ne ya kai shi, malamin ya tambayi sunan uba, Alhaji ya faɗi nashi. Shi ke nan sunan ya bi shi har jami'a.

Abin da na sani na ƙuruciyarsa, da Sallah nike ganinsa, sai kuma abin da ƙanwarsa Nana Aisha ke kawo mini in ta je hutu Gusau. Yaro ne mara yawan magana. Shina cin abinci a hankali kamar mai tsoron tuwon ya ji ciwo. Ba ya son miyar kuka, amma in anka yi hoce, wainar dawan nan da ake gasawa, sai ya ci ya ƙulle saura a aljihu. Don haka duk zuwansa sai na gasa, in ba Nana Aisha ta kai mishi, in ce ta ce daga maƙwabta ne. Hajiya yake kira Inna. Ni kuwa Yaya Kulu yake ce mini, kuma ko gaisuwa daga bakin ƙofa yake yi, in amsa ina kallon wani wuri.

Akwai kwalbatin da ruwa ke cinyewa kowace damina a hanyar shigowa garinmu. Wata shekara anka zo da shi da damina, anka neme shi anka rasa, hankalin Hajiya ya tashi. Can anka same shi tsugune a bakin kwalbatin, rigarsa duk laka, shina kallon yadda ruwa ke rarake ƙasa ta gefe. Malam ya tambaye shi mi yake yi, ya ce shina son ya ga ta inda abin ke farawa. Mutane sunka yi dariya. Da ya girma anka ce ya samu jami'a shina karatun injiniya, ni na ɗauka irin na mai gyaran injin niƙa ne, har na ce to mi ya kai shi wani gari, ga su nan Bunguɗu. Nana Aisha ta ce a'a, nashi na hanyoyi ne da gadoji. Na ce to, Allah ya yi albarka. Har yau dai ban gane yadda ake koyon gada a cikin ɗaki ba.

Malam ya rasu yaron shina sakandare. Ni na ci gaba da zama da 'yar gonar bayan gari, don ta nesa kin san halin da daji ke ciki, babu mai zuwa. Ina yin ƙuli da man gyaɗa, Allah shina rufa asiri. Karatun yaro kuwa ban taɓa sanin nauyinsa ba, Alhaji ke yi. Sai hanya ta lalace. Mota ɗaya anka ƙone mishi, ɗaya ya sayar ya sallami mutanen da hatsinsu ya salwanta, ciwo ya kama shi, ya rasu yaron shina shekara ta biyu a jami'a. Anka raba gado tsakanin 'ya'yansa na marigayiya matarsa ta fari. Ɗan riƙo ba ya gado, haka shari'a ta ce, babu wanda ya zalunci wani. Hajiya ta samu ɗan rabonta da ɗaki ɗaya a ƙasan gidan benen Alhaji. Ta sayar da 'yan kunnenta ya ƙarasa waccan shekara. Da za a shiga ta uku anka ƙara kuɗin makaranta, babu sauran abin sayarwa. Anka ce in lokacin rajista ya wuce bai biya ba, karatun ya tsaya, shekara biyun da ya yi kuma ba su zama komai.

Nan ne ya ji labarin wata ƙungiya ta injiniyoyi 'yan jihar nan, masu ofis a Gusau, wai suna biya wa ɗalibai marasa ƙarfi. Ba ƙoƙarin yaro kaɗai suke dubawa ba, sai an nuna musu gidansu babu. Wanga shi ne ya fara ruɗa ni. Mu tun muna yara anka koya mana in babu a gida, a ɗora tukunya da ruwa ko don maƙwabta su ga hayaƙi. Yanzu kuma an ce sai ka buɗe tukunyar ka nuna ruwa ne kafin a taimake ka.

Sunka ce ya kawo shaidar mai unguwa ko maigari. Ya je wa mai unguwarsu a Gusau, mutumin ya yi dariya, ya ce shi ya rubuta ɗan gidan bene talaka ne, ai sai a ce ya ci hanci. Ya zo nan Nahuce, maigari ya dubi takardunsa ya ce babu wani Lukuman da ya taɓa noma a garin nan. Ya hau mota har Kucheri wurin kawunnansa, maigarin can ya ce cibiyarsa kawai ke garinsu, ya koma inda anka raɗa mishi suna. Anka ce ai nan Kucheri anka raɗa. Ya ce to ya koma inda anka yi mishi kaciya. Haka ya yi ta yawo tsakanin ƙasa uku da kuɗin motar da babu. Daga ƙarshe limamin garinmu, wanda ya sallaci gawar Malam, ya kama hannunsa ya kai shi gaban maigari ya ce ɗan Malam ne, shi shaida ne. Anka rubuta. A takardar ƙungiyar, wurin da ake sa lambar wayar uwa, ya sa ta Nana Aisha, tunda ni ba ni da waya, ita kuma nan cikin gari take aure. Bai gaya mini za a kira ba. Ta yaya ma zai gaya mini, mu da ba mu zama mu yi zance?

Ranar da anka kira muna gidan suna, gidan ƙanen Malam. Tsakar gida cike da dangin miji, tsofaffi da matan ƙanne da abokan wasa. Nana Aisha ta zo da gudu ta ce wani mutum ne daga Gusau ke neman mahaifiyar yayanta. Wayar tata kuwa ta lalace, ba a jin magana sai an buɗe murya kowa na ji. Ta miƙo mini. Mutumin ya yi sallama da ladabi, ya ce:

"Inna, ke ce mahaifiyar Abdulaziz Lukuman?"

Kowa a tsakar gida ya juyo wajena. Wata abokiyar wasana, Tambaya, ta aje ludayi ta ce yau za su ga ƙarshen kunyar Katsinawan Tsafe.

Na ce, "Ɗan Hajiya Asiya ne, tana Gusau, gidan Alhaji Lukuman."

Ya ce, "To amma ba ke kika haife shi ba?"

Na ce, "Na Hajiya ne."

Sai ya tambayi yadda muke fama da rayuwa, ko ana samun na abinci. Na ce alhamdulillahi, muna cikin rufin asirin Allah, ba mu rasa komai ba. Mi zan ce? Mai numfashi da lafiya ya ce ya rasa? Ya yi godiya ya kashe. Tsofaffi sunka yi ta sa mini albarka, sunka ce irinmu sun ƙare. Na koma gida raina fari, ina ganin na fidda yaron kunya, na nuna wa baƙo ɗan babban gida ne.

Ba a yi mako ba sai ga shi da rana tsaka. Ya zauna kan turmi a bakin ƙofata, ya sa anka kira Nana Aisha, shina yi mata magana ni ina ji daga ciki. Ya ce an cire sunansa. An ce ya yi ƙarya, ya ari wata gwauruwar ƙauye ya ce uwarsa ce, matar kuma da bakinta ta ce ba ɗanta ba ne, ɗan mai motoci ne. Har suna tunanin sanar da jami'a don kada wani ya kuma. Ya roƙe su, sunka ce in gaskiya gare shi ya kawo matan biyu ofis su yi magana gaban kwamiti, kuma rajista saura kaɗan a rufe.

Bai ɗaga murya ba. Da zai tashi ya juyo wajen labulen ya ce, "Yaya Kulu, kalma ɗaya ce fa."

Ni dai kaina ya ɗaure. Mi na faɗa wanda ba gaskiya ba? Ba na Hajiya ba ne? Ba ita ta yi jinyar ƙyandarsa ba? Na je wurin liman ta hannun matarsa, na tambaya ko akwai zunubi in mace ta ce ɗan farinta nata ne. Ya aiko cewa babu ko kaɗan, addini bai san wagga kunya ba, hasali ma so yake a danganta kowane ɗa ga wanda ya haife shi. Wagga amsa ba ta sauƙaƙa mini ba, ƙara dagula ni ta yi. In addini bai ce ba, to innata da ba ta taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba, daga ina ta samo? Duk matan kirkin da na sani haka sunka yi. Na yi ta addu'a Allah ya nuna mini wadda zan bi.

Ranar tafiya Nana Aisha ta raka ni Bunguɗu ta sa ni mota. Na sauka gidan Hajiya. Na same ta ta rame, ɗakin babu komai sai gado da darduma da tsohuwar firij da take ajiye kwanoni a ciki. Na zata ni kaɗai ke da damuwa. Ashe ita tata ta fi. Ta ce mini a unguwar nan rabin mutane ba su san ba ita ta haife shi ba, Maman Abdulaziz suke kiranta. Ta ce yau da tsufanta za ta tsaya gaban maza ta ce ita ba ta taɓa haihuwa ba? Na ce Yaya, ni ma ban san abin da zan ce ba. Munka zauna, kowa na kallon ƙafarta, har ya zo da Keke Napep ya kwashe mu.

Ofishin a sama yake, ɗaki mai sanyi kamar randa. Mutum uku ne bayan tebur. Akwai wani dattijo mai furfura, shi ne shugaba. Akwai saurayin da ya kira ni, Injiniya Aminu, na gane muryarsa. Sai wata mace mai tabarau da babban mayafi, anka ce ita ma injiniya ce, Hajiya Maijidda, mutuniyar Mada. Ban san mata na yin gada ba sai ranar. Yaron ya tsaya jikin bango.

Injiniya Aminu ya ce shi ma Bahaushe ne, ya san ana kunyar ɗan fari, amma ba zai iya rubuta kunya a takarda ba. Ya ce an sha yaudararsu, abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta. Sai ya tambaya, a cikinmu wace ce uwar yaron nan.

Wallahi na yi niyya. Tun a mota nike maimaita kalmar a zuciyata. Amma ga Hajiya a gefena, yayar mijina, ga shi kuma yaron tsaye shina kallona. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ya nuna Hajiya ba. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Dattijon ya aje alƙalami ya ce to ai magana ta ƙare. Na ji yaron ya sauke numfashi.

Sai matar nan ta ce a ba ta minti kaɗan. Ta ce wa yaron ya fita ya jira a waje. Ta zagayo daga bayan tebur ta jawo kujera kusa da ni, ta ce su mazan su saurara kawai. Ba ta tambaye ni ɗa ba. Cewa ta yi:

"Inna, wankan jegonki na fari, a ina kika yi shi?"

Na ce Kucheri, ɗakin innata. Ta ce da wane lokaci. Na ce ana yankan gero, shekarar da rijiyar bakin kasuwa ta rufta. Ta tambayi wanda ya kawo itacen wanka, na ce Malam ne ya aiko da shi a amalanke. Ta ce abin da anka samu, mace ko namiji. Na ce namiji. Ta ce ya rayu? Na ce da ikon Allah. Ta ce shina ina yanzu?

Na dubi ƙofa. Na ce, "Yanzu kinka ce ya fita."

Dattijon ya yi 'yar dariya. Injiniya Aminu ya ce a gafarce shi, amma har yanzu ba a ce mishi komai ba. Nan Hajiya Asiya ta sauke mayafinta. Ta ce:

"Rubuta. Kulu ta haife shi. Ni na je na ɗauko shi yaye, ƙanena ya bar mini. Ban haifa ba, ko ɓari ban taɓa yi ba. Mijina ya rasu, yaron bai gaji ko taya ba. Abin da ke gare ni na sayar. Rubuta duka."

Ya rubuta. Ni na kama hannunta a ƙarƙashin mayafi. Sunka sake tambayata halin gida, na buɗe baki zan ce alhamdulillahi, matar ta ce ta yarda da alhamdulillahi, amma gona nawa nike nomawa, kuma hatsin bara ya kai ni wane wata. Na faɗa mata. Wanga ba wuya, tambaya ce mai amsa.

Sunka ce sai yaron ya je kotu ya yi rantsuwa cewa mai sunan Alhaji da ɗan Malam mutum ɗaya ne. Na ce to da su biyu ne? Ya je ya yi. Da zan hau motar komawa Hajiya ta tura mini ƙullin dabino ta ce in gaida Nana Aisha.

Ana gobe za a rufe rajista saƙo ya shigo wayar Nana Aisha, ta karanta mini. An maida sunansa, an biya mishi na shekarar nan, in ya ci jarrabawa za a biya na baɗi. Na yi sujada nan tsakar gida. Shina can yanzu a aji uku.

Abin da ya rage mini ban gane ba shi ne kuɗin. Labari ya zaga gari cewa an ba ɗan Kulu kuɗin gwamnati. Mata sunka yi ta zuwa barka, wasu da 'yar buƙata a baki, Tambaya ma cewa ta yi in fito da tukuicin abokan wasa. Na ce ban ga ko kwabo ba. Nana Aisha ta ce ai ba a hannu ake bayarwa ba, daga ofishin can ya wuce jami'a kai tsaye, shi kansa yaron bai taɓa su ba, kuma ba na gwamnati ba ne. Na ce to ta yaya anka san sun isa? Ta ce an gani a waya. Har yau wasu na ganin ɓoyewa nike. Ni dai na auni dawa daga ɗan abin da ya rage na kai wa matar liman sadaka, don abin da mutum bai gani ba ma, in an ce ya zo, ya kamata ya gode.

Ki tsaya nan, Malama. Allah ya saka wa Hajiya Asiya da gidan Aljanna, ya jiƙan Malam da Alhaji, shi kuma wancan Allah ya buɗa mishi karatun ya ƙare lafiya. Amin.